Tsuntsu mai kai biyu: lambobin tagullar da na sayo a wani shago a Firenze

Kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta da rahama, tana da wani liyari guda ɗaya da maƙeran fari suka yi wa kunne ta zura shi a sarƙar wuyanta, kuma a cikin jikokinta babu wanda bai taɓa kama shi yana jujjuyawa ba in ta ɗora shi a cinya. Gabansa hoton wata mata ce mai jiki da mayafi a ka, bayansa kuma wani tsuntsu mai kai biyu ya baje fukafukai, ga kambi a samansa, ga 1780 a gefe. Mun sha tambayarta wai Iya wane irin tsuntsu ne wannan, sai tace tsuntsun Nasara ne ku ƙyale ni in huta. To wannan tsuntsun ne yasa na kashe kuɗi kwanakin baya, shi yasa nace bari in rubuta yadda cinikin ya kaya ko wani zai amfana, musamman 'yan uwa da ke nan Italiya masu son irin waɗannan kayan tarihin.

Ni a wajen Biresha nake aiki, a kamfanin zubin ƙarfe, yau shekara takwas kenan, don haka in ana maganar zubi ba baƙo bane ni, hannuna ya san ƙarfen da aka zuba da kyau ya kuma san wanda aka yi wa aikin gaggawa. Hutun da muka samu ne na sauka Firenze, na shiga gidan tarihin Bargello inda suke da tarin lambobin da asalinsa na gidan Medici ne, na fito kaina cike da abin, sai wani abokin tafiyata yace ai akwai wani ɗan shago a tsallaken kogin Arno da ake zuba kwafin irinsu ana sayarwa. Shagon ƙarami ne sosai, mutum uku in sun shiga na huɗu sai ya jira a waje, warin kakin zuma da na ƙonannen yashi ne zai fara tarbarka tun daga ƙofa, wani dattijo ne a ciki da ɗansa mai kula da oda ta intanet. Lambobin suna jere cikin faffaɗan akwatunan katako masu aljihu, kowace a raminta a kan jan ƙyalle, kuma abin da ya fara burge ni shi ne dattijon baya hana ka taɓawa, shi da kansa zai ɗauko ya dire maka a tafin hannu yace juya ta. Kalmar da ya fi maimaitawa kenan, juya ta, juya ta, wai fuskar sarki kowa na iya gani amma maganar sarki a baya take.

Ga wanda bai san su ba, waɗannan lambobin ba kuɗi bane, ba'a sayen komai da su ko a wancan zamanin. Sarakuna da manyan attajiran Turai na tsakanin 1400 da 1600 ne suke sa a yi musu, gaba fuskar mutum da sunansa da sarautarsa, baya kuma wata alama da gajeriyar magana da Latin, sai su riƙa aika wa junansu kyauta, wasu ma har binne su ake a harsashin gini don na baya su tono su san wanda ya gina. Kirari ne dai aka zuba a ƙarfe. Kuma dukkansu ido ɗaya suke kallo, wato tsoffin kuɗin sarakunan Rum, kowa so yake a ce shi ne magajin Kaisar.

Guda uku na saya a ranar, ta huɗu kuma na bada oda aka aiko min daga baya, kuma a kan ta huɗun ne muka samu matsala, zan zo kanta.

Ta farko ita ce wadda ake cewa uwar lambobin duka, aikin wani mai zane ɗan Italiya, Pisanello, ta Sarkin Rumawan gabas Yohana na 8 ɗan gidan Palayologos. Yuro 45 na biya. Faɗinta ya ɗan haura santimita 10, ta cika tafin hannu, nauyinta kuma mai daɗi ne, in ka ƙwanƙwasa ta da farce zaka ji amon tagulla na gaske ba irin na gwangwani ba. Sarkin ya zo Italiya ne a 1438 taron malaman coci a Ferrara wanda aka mayar Firenze a 1439, kuma ba yawon buɗe ido ya kawo shi ba, neman agaji ya zo yi domin Turkawa sun kewaye abin da ya rage masa, ya yarda a haɗe cocinsa da na Fafaroma in dai za'a bashi sojoji. A gaban lambar ga shi da gemu mai tsini da wata doguwar hula mai baki kamar goshin jirgin ruwa, rubutun Girkanci ya zagaye shi yana cewa Yohana sarki kuma mai cikakken iko na Rumawa. To sai ka juya. Ni na ɗauka zan ga mikiya ko kambi ko wata garkuwa, wallahi babu ko ɗaya. Mutum ne kawai a kan doki, da baka da kwari a gefensa, ya tsaya gaban wani gicciye a bakin hanya ya haɗa hannuwa yana roƙo, bayansa wani yaronsa a kan doki ya juya mana baya, sai duwatsu. Na daɗe ina kallon wannan hoton a cikin jirgin ƙasa muna dawowa, abin ya taɓa min zuciya, sarautar da ta fi kowacce tsufa a Turai amma babu abin da ya rage mata na nunawa sai addu'a. Ya rasu a 1448, bayan shekara biyar birninsa Ƙusɗanɗiniyya, wato Santambul, ya faɗa hannun Turkawa a zamanin mulkin ƙaninsa Kustantin na 11.

Zubin wannan kam babu abin da zan ce sai yabo. Harafin Girkancin duk sun fito ana karantawa, sa hannun mai aikin OPVS PISANI PICTORIS ya fito tas, ko gashin wutsiyar dokin ana gani. Akwai 'yan ramuka biyu uku ƙanana kamar zanzana a filin bayan kan sarkin, iska ce ta maƙale lokacin zubi, wannan ba aibi bane a aikin yashi, na asalin ma suna da shi. Dattijon ya ƙara min wani abu da naje na duba na tarar haka ne, cewa a cikin zane-zanen da Pisanello ya yi na tawagar sarkin, waɗanda ke gidan tarihin Luvur a Faris, har da rubutun Larabci da ya kwafa mai ɗauke da sunan Sarkin Masar al-Mu'ayyad Shaikh, kaga ashe mutumin idonsa baya barin komai ya wuce.

Ta biyu ita ce ta fi shiga raina, kuma nasan ita ce za ta fi jan hankalin mutanenmu, domin Sultan Muhammad al-Fatih ne a jiki, wanda ya ci Ƙusɗanɗiniyya ranar 29 ga Mayu 1453. Da yawa ba su san cewa shi da kansa ya nemi masu zane daga Italiya ba. Bayan ya yi sulhu da birnin Benis na Italiya a 1479 sai ya nemi su aiko masa gwanin zane, suka aika Gentile Bellini, ya zauna a Santambul ya yi masa hoton nan da ke Landan yanzu mai kwanan wata 25 ga Nuwamba 1480, ya kuma yi wannan lambar. Gaba Sultan ne da rawani babba, dogon hanci mai lanƙwasa, an rubuta MAGNI SOVLTANI MOHAMETI IMPERATORIS, ka lura da kalmar ƙarshen nan, ita ce dai sarautar Kaisar da Latin, kuma shi ma ai Kaisar-i Rum yake kiran kansa. Baya kuma babu doki babu takobi babu mutum, kambi uku ne kawai an ɗora ɗaya bisa ɗaya a tsakiyar fili, shikenan. Kowane kambi ƙasa ɗaya yake nufi, ƙasar Girka, da Tirabzon da ya ci a 1461, da Asiya. Na ajiye ta kusa da ta Yohana a kan tebur na juya su duka biyu, ɗaya mutum yana roƙo a bakin hanya ɗaya kambi uku shiru babu magana, shekara arba'in da 'yan kai ne tsakaninsu kuma birni ɗaya suke magana a kai. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗina.

Abin da ya bani mamaki shi ne kambi irin wannan ai ba kayan sarautar Usmaniyya bane, Sultan rawani yake naɗawa, amma da yake Turawa yake so su ji sai aka yi musu magana da yarensu. Jikan ɗansa ma, Sultan Sulaiman, haka ya yi a 1532 da aka ƙera masa wani kwalkwalin zinare a Benis mai kambi huɗu, don ya ɗara hular Fafaroma mai hawa uku.

Yuro 40 ce wannan, ta ɗan fi ta farko ƙanƙanta, launin da suka bata ruwan ƙasa ne mai duhu kamar na tsohuwar tukunya kuma ya zauna da kyau baya goge wa a hannu. Ƙorafina ɗaya ne, gefenta ta wajen ƙasa inda aka yanke hanyar zubi ba'a bi shi da magagari sosai ba, yana ɗan kartar yatsa, na gyara abuna da kaina cikin minti biyar amma wanda bashi da kayan aiki fa. Akwai wata ta Sultan ɗin kuma da dattijon ya nuna min, aikin Bertoldo di Giovanni na nan Firenze, mutumin gidan Lorenzo Medici, kuma a hannun Bertoldon ne shahararren mai sassaƙan nan Michelangelo ya yi koyo. Ita a bayanta ƙasashen nan uku an mayar da su mata uku tsirara an ɗaure da igiya a bayan keken doki. Nace masa maestro wannan kam ba za ta shiga gidana ba, ya gyaɗa kai ya mayar da ita aljihun akwatin bai ja maganar ba, kuma naji daɗin hakan.

Ta uku ban shiga da niyyar sayenta ba, mikiyar da ke jiki ce ta riƙe ni. Alfonso na 5 ne, sarkin Aragon da ya ci Napoli a 1442, ita ma aikin Pisanello ce ta 1449. Shi fa sarki ne kawai, ba'a taɓa naɗa shi Kaisar ba, amma duk kayan Kaisar ya aro ya yafa, mutum ne da aka ce yana yawo da tsoffin kuɗin sarakunan Rum cikin ɗan akwatin hauren giwa. A gaba yana sanye da sulke, kwalkwali a bayansa kambi a gabansa, ƙasa an rubuta TRIVMPHATOR ET PACIFICVS, wato mai nasarar yaƙi mai kawo zaman lafiya, sama kuma DIVVS ALPHONSVS REX, wannan DIVVS ɗin laƙabin da Rumawa ke ba sarakunansu da suka mutu suka mayar abin bauta ne, gaskiya shi kam bai kwanta min ba ko kaɗan, wa'iyazubillahi. Amma bayan lambar, kai jama'a. Mikiya ce tsaye a kan kututture ta ɗaga kai, ƙarƙashinta ga 'yar barewa da ta kashe a kwance, ungulaye da sauran tsuntsaye masu cin nama sun kewaye suna jira, ita kuma bata ko kallon naman, ta bar musu. LIBERALITAS AVGVSTA, kyauta irin ta Kaisar. Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar fada ranar sallah ya ga yadda ake fito da riguna da goro ana rabawa zai gane wannan hoton ba sai an fassara masa ba, sarki shi ne wanda ake ci a ƙarƙashinsa. Sai dai kuma in ka ƙara kallo zaka tuna cewa barewar ma ai wani ne, ita ba'a tambaye ta ba.

Wannan ita ce mafi girma a cikin ukun, kusan santimita 11, yuro 55, kuma ita ce zubin da ya fi kowanne kyau, gashin mikiyar ɗaya bayan ɗaya, idon barewar a rufe, har raunin da ke jikinta. Da na haɗa uku dattijon ya yi min ragin yuro 10 ba tare da na roƙa ba, ya naɗe kowace cikin takarda mai laushi ya saka a 'yar jakar ƙyalle, ya bani rasit. Kowace an buga mata kalmar COPIA ƙarama a kaurin gefenta, kuma wannan abu ne mai muhimmanci, duk shagon da ya sayar maka irin wannan babu alamar kwafi a jiki to ka yi hattara da shi, gobe wani zai ɗauka ya damfari wani da sunan ta asali ce.

To amma tsuntsun Iya fa, har yanzu ban gan shi ba, mikiyar Alfonso kanta ɗaya ne. Na buɗe waya na nuna masa hoton liyari nace wannan nake nema, ya yi murmushi yace wannan Mariya Teresa ce ta gidan sarautar Habsburg na Ostiriya, yace in asalin abin kake so a kan lamba to sai ta Karlo na 5 ta 1521, ba shi da ita a ƙasa amma suna da mazubinta, sati uku za'a aiko min har gida, da ruwan azurfa a jiki domin ta asalin azurfa ce. Yuro 70 da kuɗin aike. Na biya nan take.

Bari in ɗan yi bayanin wannan lambar kafin in faɗi abin da ya iso min, don a gane dalilin ɓacin raina. Karlo an haife shi a 1500, ya zama sarkin Sifen a 1516, aka zaɓe shi sarkin Daular Rum Mai Tsarki a 1519 yana ɗan shekara 19. A dokarsu ta 1356 sabon sarki a birnin Nuremberg yake fara zaman majalisar daula, sai mutanen birnin suka ce za su tarbe shi da kyautar da ba'a taɓa gani ba, Albrecht Dürer ya zana, Hans Krafft ya yi aikin ƙarfen. Gaba Karlo da kambi da sulke da sarƙar Ragon Zinare a wuya, CAROLVS V RO IMPER, baya mikiya mai kai biyu ta cika fili da 1521, sannan gaba da baya an jera ƙananan garkuwoyi a zagaye, 14 a gaba 13 a baya, kowace tambarin wata ƙasa da yake mulka, Kastil, Aragon, Sisili da sauransu, kamar maroƙi yana jero garuruwan da ke ƙarƙashin sarki. Sai annoba ta ɓarke a garin aka ɗauke zaman zuwa Worms, can ne ma Martin Luther, malamin cocin da ya bijire wa Fafaroma, ya tsaya gabansa, kyautar bata kai hannunsa ba, daga baya aka narkar da mafi yawansu.

Mikiyar kanta tsohuwar alamar rundunar Rum ce, mai kai biyun kuma Rumawan gabas sun yi amfani da ita, har sarakunan Musulmi na Artuƙawa sun buga ta a kuɗinsu, a Jamus kuma daga zamanin Sigismund da aka naɗa a 1433 ne abin ya zauna, mai kai ɗaya ta sarkin da bai zama Kaisar ba, mai kai biyu ta Kaisar, kuma fassarar da aka fi yi ita ce kai ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma. Daga Karlo sarautar ta koma hannun ƙaninsa Ferdinand, daga zuriyarsa aka samu Mariya Teresa ta Ostiriya da ta rasu a 1780, aka ci gaba da buga kuɗinta da wannan shekarar ba'a canzawa saboda 'yan kasuwa sun yarda da azurfarsa, ya bi ta Bahar Maliya da Sahara ya shigo Sudan da Chadi da Borno da ƙasar Hausa har ya ƙare a wuyan Iya. Ranar da na gama haɗa wannan zaren a kaina sai da na kira Umma na faɗa mata.

Akwai kuma ginshiƙai biyu a saman lambar da kalmomin PLVS VLTRA a taƙaice, wannan taken Karlo ne na kansa da wani likita ɗan Milano mai suna Luigi Marliani ya ƙirƙira masa a 1516. Ginshiƙan su ne duwatsun mashigin Jabal Ɗariƙ inda mutanen da suke cewa nan duniya ta ƙare kada a wuce, shi kuma yace a ƙara gaba. Har yau yana jikin tutar Sifen. Kuma a wannan shekarar ta 1521 ɗin ce Cortés, jagoran mayaƙan Sifen, ya rushe birnin Tenochtitlan a Meziko da sunan Karlo, a 1535 kuma Karlo da kansa ya tsallako ya ci Tunis, don haka ni in na ga wannan taken ba ado nake gani ba, mutane nake tunawa. Sulaiman dai bai taɓa yarda ya kira shi Kaisar ba, sarkin Sifen yake ce masa, wai Kaisar ɗaya ne kuma yana Santambul.

Sati uku suka zama bakwai. Na aika saƙo sau biyu shiru, na uku ne ɗan ya amsa da layi ɗaya wai aiki ya yi musu yawa. Da kwalin ya iso na buɗe da ɗoki, ina ɗaga ta jikina ya yi sanyi. Ƙyalli kamar murfin kwano, an shafe ta da banish mai kauri har ya taru a lungunan harafi, mikiyar dai ga ta nan da kawunanta biyu ana ganewa, amma garkuwoyin nan 27 da su ne ainihin maganar lambar duk sun narke sun zama kamar ƙulli-ƙulli, na sa gilashin ƙara girma na wajen aiki ban iya bambance zakin Leyon da ganuwar Kastil ba, ginshiƙan kamar sandunan ashana biyu, taken kuma harafi uku kawai na iya karantawa. Na auna ta da ma'aunin faɗi na tarar ta gaza santimita 7 sosai, wato ta fi ta asalin ƙanƙanta, kuma duk mai aikin zubi ya san abin da wannan ke nufi, ƙarfe yana tsukewa in ya huce, don haka in ka zuba kwafi daga kwafi daga kwafi kowane zubi sai ya ƙara ƙanƙancewa ya ƙara dusashewa. Wannan jikar jika ce ba 'ya ba.

Kuma matsalar tun daga tushe take. Lambobin Pisanello da Bellini asalinsu zubi ne, da kakin zuma aka fara sassaƙa su a kan faifai aka danna a mazubi aka kwarara tagulla ko darma, don haka in ka sake zuba su yau hanyarsu ka bi, laushin nan na kaki yana dawowa. Ita kuwa ta Nuremberg bugu ce, hatimin ƙarfe aka sassaƙa aka danne azurfa da shi da ƙarfi, shi yasa layukanta suke da kaifi kamar aska, kuma yashi ba zai taɓa ɗauko wannan kaifin ba komai gwanintar mutum. Dattijon ya fi ni sanin wannan nesa ba kusa ba, shi ne abin da ya ɓata min rai, da ya faɗa min tun a shago da na haƙura ko in saya da sanina, kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, amma a faɗa masa rariya ce.

Na kira shagon, Allah Ya sa dattijon ne ya ɗauka. Nace maestro abin da kuka aiko min ba aikin hannunka bane. Ya yi shiru kaɗan sannan yace gaskiya ne, mazubin tsoho ne sun gaje shi, ruwan azurfar kuma wani waje suke kaiwa a yi musu, yace in dawo da ita ko a mayar min kuɗina ko in zaɓi wata. Bai yi musu ba bai kawo uzuri ba, wannan ya sauko da ni sosai. Sai dai kuɗin mayarwar daga aljihuna ya fita, yuro 9, kuma sai da aka ƙara kwana goma sha biyu kafin kuɗin su shigo asusuna, ɓangaren intanet ɗin nasu gaskiya yana buƙatar gyara, yaron baya amsa saƙo a kan lokaci kuma hotunan da ya saka a shafinsu na wannan lambar sun fi abin da ake aikowa kyau nesa.

Don haka ga wanda zai je, ka je da ƙafarka kada ka yi oda, ka riƙe a hannunka ka juya ka karanta rubutun harafi harafi kafin ka biya, in rubutu baya karantuwa ka ajiye. Ka tsaya a kan na Italiya na tsakanin 1438 da 1500, nan ne ƙarfin shagon yake kuma farashinsu bai yi yawa ba in ka duba aikin da ke ciki, ka guji duk mai ruwan azurfa ko ruwan zinare, ka tambaya kai tsaye asalin wannan zubi ce ko bugu. Kada ka wanke su da omo ko ka goge da toka don su yi haske, duhun nan shi ne kyansu, busasshen ƙyalle ya isa. Masu tambayar hukuncin ajiye hoto kuma, ni dai nawa a cikin akwati suke a rufe, ban rataye a bango ba, in zan yi nazari ko in nuna wa yara tarihi sai in fito da su, kowa ya tambayi malaminsa.

Da kuɗin suka dawo ban taɓa su ba, na ware su ne saboda wata da na gani a aljihun ƙasa na akwatin ranar, ta Sultan Muhammad ce ita ma amma aikin Costanzo da Ferrara wanda sarkin Napoli ya aika Santambul, babba ce ta haura santimita 12, a baya Sultan na kan doki riƙe da sanda an rubuta cewa wannan tsawar yaƙi ce da ta kayar da al'ummai da birane, dattijon yace zai ajiye min har ƙarshen wata. Tsuntsun Iya kuma Umma tace liyarin yana wajen Gwaggo tun rabon gado, ta kira ta, wai har yanzu kunnen da maƙeran suka yi masa yana nan bai cire ba, za ta sa yara su ɗauko min hoton gaba da baya su turo ta WhatsApp.